Ranar da Barmo Ya Ja Jirgi a Tekun Zarnaf

Da sunan wanda ya zuba ruwan daɗi a gulbi, ya zuba na gishiri a teku, ya ba kowanne halinsa. Shi ya fitar da ni daga garinmu ina saurayi marar zama, shi ya dawo da ni ina saurayi marar zama, sai dai gemu ya fito, fata ta ƙone. Ni ne Korau, ɗan manomin gero daga Tungar Maje. Tun da na dawo kuke tare ni, wannan a bakin kasuwa, wancan a ƙofar masallaci, kowa yana so in ba shi labarin ƙasashen da na taka. Ƙasashen suna da yawa, ni kuwa ƙafata ba ta son tabarma. Saboda haka ku matso, in ba ku labarin yini guda, yinin da muka fita kamun kifi a ruwan gishiri mu uku, har ran ɗayanmu ya rataya a hannuna.

Kun san Barmo, ɗan Sarkin Ruwan garin nan. Abokina ne tun muna yawo ba wando. Shi ruwa ya raine shi, ni kuwa iyona bai wuce na kare ba, in na tsallake rafi sai na yi amai. Wata rana ya tambayi mahaifinsa inda gulbinmu ya ƙare, tsohon ya ce gulbi ba ya ƙarewa. Barmo ya ce sai ya gani da idonsa. Ni ma a lokacin fartanya ta ishe ni. Muka ɗauki kwale-kwale muka bi ruwa.

Mun ga abubuwa a hanya. Mun wuce inda gulbin ya shige ƙarƙashin dutse, muka kwanta rigingine cikin kwale-kwale muna tura rufin dutsen da tafin ƙafa har muka ga haske. Mun wuce dajin da birai ke tare matafiya, ba sa barin ka wuce sai ka yi musu waƙa. Mun faɗa hannun sarkin Dambaza, wanda ba ya sakin baƙo sai an tsamo masa mundayen matarsa da suka faɗa gurbin dorina. Barmo ya nutse har na fara salati, ya fito da mundaye a hannu ɗaya, da haƙorin dorina a ɗayan. Tun daga ranar ba mai iya gaya masa magana a kan ruwa.

Akwai wata al'ada ta gidansu. Duk sabon ruwan da muka isa, sai ya durƙusa ya kamfaci ruwan sau uku ya sha, ya ce, "Ga jikan Maje ya zo, ku san shi." Maje kuwa shi ne kakansu da ya kafa tungarmu. A gidansu an yi imani cewa ruwan da ka sha ya zama ɗan'uwanka, kuma ba zai haɗiye ka ba. Ni dai ban taɓa ganin abin ya ƙi ba, har muka isa Zarnaf.

A Zarnaf gulbinmu ya ƙare. Ya buɗe baki ya zube cikin wani ruwa wanda ba shi da tsallake, ka duba har idonka ya gaji ba ka ga ɗaya gefen ba. Birnin kansa a kan ƙafafun itace yake, kamar jerin zalɓe. Dalili kuwa, ruwan nan yana da tafiya irin ta mutum. Sai ya kwashe kansa ya tafi can nesa ya bar laka da ƙaguwa, mata su sauka da kwanduna suna tsince-tsince. In an jima sai ya juyo ya cika ko'ina har ƙarƙashin ɗakuna. Haka yake yi kullum, ba fashi.

Wata tsohuwa mai banda kifi, Inna Zurma, ita ta ba mu masauki da aiki. Muna fasa mata itace, muna juya kifi a kan wuta, har harshensu ya zauna a bakinmu. Tana da ɗa sa'anmu, Kalfu, baƙi, siriri, mai yawan dariya, yana da jirgin katako da ya gada wurin ubansa. Mu uku muka zama kamar 'yan ɗaki ɗaya. Shi yana ce mana 'yan gulbi, Barmo yana ce masa ɗan gishiri, ni kuwa duka biyun ɗan gona suke ce mini.

Ran nan da aka yi hutun banda, Kalfu ya ce, "'Yan gulbi, kun ci kifin teku har kun yi kumatu, ba ku taɓa ganin inda yake kwana ba. Gobe da safe za mu je bayan Tsibirin Tsuntsaye mu jefa ƙugiya. In Allah ya so za mu samo malgu."

Malgu wani kifi ne mai kama da azurfa, tsawonsa ya kai mutum. Barmo ya ce, "Giwan ruwa na kama da hannu a garinmu. Ka kawo naka mu gani."

Washegari, tun hantsi bai yi ba, muka sauko da kaya. A nan na ga yadda mutanen Zarnaf suke shiga ruwa, kamar masu shirin yaƙi. Kalfu ya zagaye jirgin yana ƙwanƙwasa katako da ɗan yatsa. Ya ɗaure tulun ruwan sha a jikin wurin zama. Ya ɗaure ƙwaryar kwarfar ruwa da igiya. Ya duba dutsen da ake jefawa don jirgi ya tsaya, ya warware doguwar igiyarsa ya sake naɗewa. Ya tsaya ya kalli sama ta kowane gefe. Sannan ya ɗaga murya ya ce, "Inna, bayan Tsibirin Tsuntsaye za mu. In ruwa ya juyo da la'asar, da shi za mu dawo."

Inna Zurma ta ce ta ji. Ta sauko da wasu riguna guda uku marasa hannu, an ɗinke ɓawon wata bishiya a cikinsu. Ɓawon nan ba shi da nauyi ko kaɗan, in ka danna shi cikin ruwa sai ya yi tsalle ya fito. Ni kam ban jira an roƙe ni ba, na zura tawa na ɗaure har numfashina ya matse. Barmo ya riƙe tasa da yatsa biyu kamar an miƙo masa mataccen ɓera.

"Inna, wannan ta yara ce ko ta masu ciki?"

"Ta masu son dawowa ce," in ji ta. "Saka, ko ka zauna ka taya ni ɓare albasa."

Ya saka, yana murmushi. Sannan ya durƙusa a bakin ruwa ya kamfata ya kai baki. Fuskarsa ta yamutse, amma ya haɗiye. Ya sake, ya sake. "Ga jikan Maje ya zo, ku san shi."

Kalfu ya ce, "Kai, wannan ba a sha. Ƙishirwa yake ƙarawa."

"Gaisawa muke yi, ɗan gishiri. Ba ruwanka da maganar manya."

Muka tuƙa. Ba zan ɓoye muku ba, safiyar nan tana cikin mafi daɗin safiyoyin da na gani. Ruwan ya yi shuɗi kamar an juye marinar duniya a ciki. Wasu kifaye masu fukafukai suna tashi garke-garke suna wuce mu, ɗaya ya mari Barmo a kunci ya faɗo cikin jirgi, Kalfu ya ce ai ga ɗan'uwansa ya zo amsa gaisuwa. Da muka wuce tsibirin, Kalfu ya ce in kara kunnena a katakon ƙasa. Na kara. Sai na ji guɗa can ƙasa, siririya, kamar ana kai amarya a wani gari mai nisa. Ya ce kifaye ne, haka suke yi in ruwa ya fara tafiya.

Muka jefa dutse, muka saka wa ƙugiyoyi nama. Ni na fara kamawa, wani jan kifi mai idon mujiya. Na yi ihu har na kusa faɗuwa.

Barmo ya ce, "Ɗan gona ya tono dankali!"

"Kai me ka tono?"

"Ni ba na gaisawa da talakawan kifi. Sarkinsu nake jira."

Kafin rana ta take, cikin jirgin ya cika da kifi kala-kala. Muka ci dafaffen rogo da yaji, muka sha ruwa. Zafi ya yi ƙarfi. Sai na ga Barmo ya kwance rigar ɓawonsa ya ninke ta ya zauna a kai.

Kalfu ya ce, "Mayar."

"Inna ba ta nan."

"Teku tana nan."

Barmo ya buɗe baki zai ba shi amsa, sai igiyar ƙugiyarsa ta miƙe tana kuka. Wani abu mai walƙiya ya yi tsalle can gaba, ya juya a sama, ya faɗo da ƙara. Malgu ne. Barmo ya miƙe tsaye, don a gulbinmu a tsaye ake faɗa da kifi. Jirgin ya yi tangaɗi.

"Zauna!" in ji Kalfu. "Nan ba a tsayawa. Zauna ka ba shi igiya ya gaji!"

Bai zauna ba. Ni kuma da na juya in riƙe gefen jirgi, sai na ga wani baƙin gajimare ya taso daga kudu, ƙasansa a daidaice kamar an yanka da wuƙa. Na nuna wa Kalfu. Dariyar da ke fuskarsa ta ɗauke. Ya jawo dutsen tsayawa cikin sauri ya ce, "Barmo, yanke igiyar. Dole mu juya hancin jirgi ya fuskanci iska."

"In yanke? Wallahi sai dai a yanke hannuna."

Maimakon ya saki, sai ya naɗe igiyar a katakon wurin zama. Kifin ya ja, jirgin ya juya ya ba iska haƙarƙari. Raƙumin ruwa na farko ya cika mu har gwiwa. Na biyu ban gan shi ba. Na dai ji duniya ta kife, gishiri ya cika hancina, na ga kifayen da muka kama suna wuce fuskata suna komawa gida.

Rigar ɓawo ta cillo ni sama. Na ga jirgin a kife, bayansa kamar bayan dorina. Na yi ta dukan ruwa har na kama shi. Kalfu yana ɗaya gefen, ya riƙe da hannu ɗaya, ɗayan yana reto. Bakin jirgin ya buge kafaɗarsa ta goce. Barmo kuwa ya ɓullo yana tofar da ruwa, yana iyo a kewayenmu kamar yana wanka a gida. Rigarsa ta tafi. Filafilan tuƙi sun tafi. Malgu ya tsinke igiya ya tafi.

Ruwan sama ya zuba kamar da bakin ƙwarya, sannan ya wuce kamar yadda ya zo. Da gari ya washe, muka hango tuddan Zarnaf, shuɗaye, ga su nan kamar ka miƙa hannu.

Barmo ya ce, "Ku riƙe nan. Zan je in kawo jirage."

Kalfu ya ce cikin nishi, "Ba za ka kai ba. Nisan ya fi abin da ido ke gaya maka. Kuma ruwa tafiya yake yi yanzu, waje yake ja. Ba a barin jirgi, Barmo. Mai nema yana hango jirgi, ba ya hango kan mutum."

"A garinmu in kwale-kwale ya kife, gaɓa ake nufa."

"A garinku ana jin carar zakaran tsallake!"

Barmo ya kamfaci ruwa ya sha, ya sake sha, idonsa ya yi ja. "Mun gaisa da ruwan nan. Ba zai ci ni ba. Ni na kifar da ku, ni zan fitar da ku."

Na san Barmo. Na san in ya faɗi magana irin wannan, ko mahaifinsa bai isa ya tare shi ba. In na kama shi, zai fizge, ya fi ni ƙarfi a ruwa nesa ba kusa ba. In na roƙe shi, roƙon zai ƙara tura shi. Na duba tuddan nan, na duba yadda kumfa ke wuce mu tana yin waje, na san in ya tafi ba zan ƙara ganinsa ba, kuma ni zan koma Tungar Maje in tsaya gaban Sarkin Ruwa ni kaɗai. Na ce a raina, wallahi ba za a yi haka ba.

Doguwar igiyar dutsen tsayawa tana nan ɗaure a hancin jirgi, dutsen yana reto a ƙarƙashinmu. Sai na yi dariya. Allah ya sani dariyar ba ta kai ciki ba.

Na ce, "Af, ashe gudu za ka yi."

Ya juyo. "Me ka ce?"

"Na ce gudu. Kowane ɗan kwaɗo ma zai iya kai kansa gaɓa. Kafin ka je ka dawo ruwa ya kai mu inda ba a dawowa, kai kuwa ka tsira. Da jikan Maje ne na gaske, da jirgin zai ja da mu duka."

"Ni kake gaya wa haka, ɗan gona?"

"Kai nake gaya wa. Ko ya fi ƙarfinka? Faɗi, ba kunya. Nan ba Dambaza ba ne."

Kalfu ya ɗago kai ya dube ni ta saman jirgin. Ya buɗe baki, na zare masa ido, ya rufe. Ya zaro wuƙar da ke ƙugunsa ya miƙo mini. Na jawo igiyar, Barmo ya taya ni, muka yanke dutsen ya nutse. Barmo ya ce, "Ɗaura." Na zagaya igiyar a ƙugunsa na ƙulle ta ta baya, na ja har ya yi ƙara.

"Ku riƙe da kyau," in ji shi. "Kada ku faɗi in na fizga."

Ya tafi. Ban taɓa ganin iyo irin na ranar ba. Hannuwansa suna sara ruwa, igiyar ta miƙe tsaf, har hancin jirgin ya juya ya dubi Zarnaf. Kalfu ya ce a hankali, "Ka san ba zai iya ba."

"Na sani."

"To, ko ba komai ya daidaita mana hanci da raƙuman ruwa."

Na kwance rawanin da ke ƙuguna na ɗaure hannun Kalfu a ƙirjinsa, na tura shi ya hau bayan jirgin ya kwanta. Ni na tsaya a hanci, hannuna a kan igiya, ina jin bugun Barmo a cikinta kamar yadda ake jin kifi. Ina yi masa kirari da duk ƙarfina. "Sai kai, na Maje! Dorina ta ba ka haƙori! Ja mu je!" Tuddan Zarnaf kuwa ƙara ƙanƙancewa suke yi.

Rana ta karkata. Bugun ya fara raguwa. Ya tsaya, ya sake farawa, ya tsaya. Na ga kansa ya nutse ya fito. Na ji ya kira sunana, sunana na gaskiya, ba ɗan gona ba. Sannan igiyar ta yi nauyi ta nufi ƙasa.

Na kafa ƙafafuna a katako na ja. Jiƙaƙƙiyar igiya da gishiri ta yanke tafin hannuna, ban saki ba. Ina ja ina naɗewa a damtse, ina ja ina naɗewa. Kalfu yana ihu daga sama, "Ja, Korau! Kada ka tsaya!" Sai ga gashin kansa. Na cafke shi na ɗago fuskarsa. Leɓensa ya yi fari, jijiyoyin ƙafafunsa sun ƙulle kamar itace. Na danna cikinsa a gefen jirgi, ya amayar da duk gaisuwar da ya yi tun safe.

Na fara kwance rigar ɓawona don in saka masa. Kalfu ya daka mini tsawa. "Kada ka cire! In ka nutse wa zai riƙe mu? Ɗaure shi a jirgi." Na ɗaure shi gajere, ƙirjinsa a kan katako. Na laluba ƙarƙashin jirgin na samo tulun nan da aka ɗaure, toshiyarsa ba ta fita ba. Na ɗiga masa ruwan daɗi kaɗan-kaɗan.

Da ya buɗe ido bai dube ni ba. Ya ce, "Ruwan ya ƙi ni, Korau. Na sha shi, ya ƙi ni. Kwance ni kawai."

"Ba zan kwance ba."

"Me zan ce wa babana?"

"Ka ce masa abin da ka ga dama, amma da bakinka za ka faɗa. Ni ba ɗan aikenka ba ne. Yanzu murza ƙafafun nan, akwai aiki. Jirgin nan ba zai birkice da kansa ba, Kalfu hannu ɗaya gare shi, ni kuwa ɗan gona ne."

Can sai na ga hannunsa ya sauka yana murza sharaɓarsa.

Kalfu ya koya mana yadda ake yi. Ya zamo cikin ruwa, rigarsa ta riƙe shi. Muka ɗaura sauran igiyar a gefe ɗaya na jirgin, muka jefa ta ta kan bayansa, muka koma ɗaya gefen, muka kafa ƙafa muka kwanta baya. Jirgin ya ɗago ya koma. Muka sake, ya ɗago ya koma, ya kusa fasa mini kai. Kalfu ya ce mu daina faɗa da ruwa, mu jira raƙumi ya zo ya ɗaga mana. Muka jira. Da ya zo, Kalfu ya ce, "Yanzu!" Barmo ya yi wani gurnani, jirgin ya juyo ya zauna, cike da ruwa har baki.

Muka riƙa tura shi gaba da baya, ruwa yana fallatsa ta hanci da wutsiya, har bakinsa ya ɗan ɗago. Ni ne marar nauyi, na shiga ta wutsiya a kan ciki. Ƙwaryar kwarfa tana nan a igiyarta. Na yi kwarfa har na daina jin hannuwana, jini da ruwa suna fita tare. Na jawo Kalfu, muka jawo Barmo. Muka ɓamɓaro katakon shimfiɗar ƙasa guda biyu suka zama filafili.

A lokacin hazo ya rufe tuddan, ba mu san gabas ba balle Zarnaf. Kalfu ya ce mu dakata. Muna zaune sai wasu halittu suka ɓullo kusa da mu, kowanne ya fi ɗakin soro, suna fesa ruwa sama ta tsakiyar kai, suna numfashi kamar zugazugin maƙera. Suka wuce a jere, ba wanda ya kula mu. Barmo ya bi su da kallo har suka ɓace.

Sai Kalfu ya saka hannunsa mai lafiya cikin ruwa ya ce, "Ya juyo." Ya nuna sama. Fararen tsuntsaye suna wucewa ƙasa-ƙasa, duk gefe guda. "Gida za su. Ku bi su."

Muka tuƙa. Ni dama, Barmo hagu. Ruwan da ya yini yana jan mu waje yanzu shi ke tura mu ciki. Duk sanda hannuna ya ce ya gaji sai in dubi ƙeyar Barmo in ƙara sara. Rana ta yi ja sanda muka ji ganga a cikin hazo. Inna Zurma ta ga ruwa ya juyo ba mu juyo ba, ta tashi jirage, kuma ta san inda za ta tura su. Kalfu ya ɗaga jar hularsa a kan katako yana kaɗawa, muka haɗa murya muka yi ihu. Suka same mu, suka ɗaura jirginmu a bayan nasu.

A bakin gaɓa mutane sun cika. Wani tsoho ya taka kafaɗar Kalfu ya mayar da ita, Kalfu ya zagi kakannin tsohon, aka yi dariya. Inna Zurma ta wanke tafin hannuna ta shafa mai. Sannan ta tsaya a kan Barmo, wanda ke zaune a yashi, igiya har yanzu a ƙugunsa. Na zaci za ta yi faɗa. Sai ta miƙa masa ƙwaryar ruwan rijiya ta ce, "Sha wannan. Shi ne naka."

Ya shanye. Ya sa hannu baya zai kwance igiyar, ta ƙi. Ya juyo da ƙullin gaba, ya gwada da farce, ya gwada da haƙori. Masuntan Zarnaf suka sunkuya suna kallo, ɗaya ya ce duk ƙulle-ƙullen jirgi da ya sani babu irin wannan.

Barmo ya ɗago kai. "Kalfu, tsakaninka da Allah, nisan me na ja ku?"

Kalfu ya dube ni, ya dubi ƙasa. "Baya muka yi ta yi, ɗan'uwa."

Barmo ya daɗe yana kallon ƙullin. "Korau, wane irin ɗauri ne wannan?"

Na ce, "Irin wanda muke yi wa jaki a turke."

Na ga jijiyar wuyan Barmo ta tashi. Ya yunƙura zai miƙe ya kama ni, ƙafafun suka ƙi, ya koma ya zauna daɓas. Kafaɗunsa suka fara rawa. Na kasa gane dariya ce ko kuka, ina jin shi ma bai gane ba. Ya kamo wuyana ya haɗa goshinsa da nawa, ya ce, "Allah ya isa, ɗan gona. Allah ya isa." Bai sake ni ba har aka kawo wuƙa.

Barmo yana Zarnaf har yau, da ransa da lafiyarsa. Ya ce ba zai dawo ba sai ya san teku yadda ya san gulbi, kuma a wurin Kalfu yake koyo, a zaune. Na je na gaya wa Sarkin Ruwa cewa gulbi yana ƙarewa, ɗansa kuwa bai ƙare ba.

Iyakar abin da ya faru ke nan a wannan yini. Wanda ya ji, ya ji daga bakin wanda ya jiƙe. Ku ba ni hanya in miƙe ƙafa.